Takin Supa da Makomar Dunat a Tsibirin Kangaru

A ƙarshen watan Disamba na 2019 aradu ta faɗa a dajin yammacin Tsibirin Kangaru, a kudancin Ostireliya, wuta ta kama. Ranar 3 ga Janairu iska mai zafi ta taso ta ingiza ta, ta fi ƙarfin 'yan kwana-kwana. Kafin a shawo kanta ta lashe hekta 211,000, kusan rabin tsibirin. Mutum biyu suka rasu, gidaje fiye da 80 suka ƙone, dabbobin kiwo kusan 60,000 suka halaka, galibinsu tumaki. Hotunan da suka zaga duniya na kowala ne masu ƙonannun tafuka, domin ita ce dabbar da kowa ya sani. Masana dabbobi kuwa hankalinsu yana kan wani ɗan mitsitsin abu da ko mazauna tsibirin da yawa ba su taɓa sa shi a ido ba, wanda ake kira dunat. Tun kafin gobarar an ƙiyasta cewa waɗanda suka rage ba su kai 500 ba, dukkansu a yammacin tsibirin, ga shi kuma wutar ta bi ta kan fiye da kashi 90 cikin ɗari na dajin da aka san suna ciki.

Wanda ya gan shi zai ce ɓera ne, ko jaɓa saboda tsinin bakinsa, alhali bai haɗa dangi da ko ɗayansu ba. Yana cikin dabbobin nan masu goyon 'ya'ya a jakar ciki, irin su kangaru, a reshensu na masu cin nama, inda aka sami dabbar nan ta Tasmaniya da Turawa suka laƙaba wa sunan shaiɗan. Nauyinsa giram 20 zuwa 25 ne, gashinsa toka-toka mai duhu, ga manyan idanu da siririyar wutsiya. Da dare yake fita farautar gizo-gizo da tururuwa da fara da ƙwari, har kunama ba ya bari. Da rana sai ya shige rami, ko tarin busassun ganye, ko ƙarƙashin wata shuka mai suna yaka, wadda tsofaffin ganyayenta kan sauko su rufe gindinta ruf. Rayuwarsa gajera ce, ba ta cika wuce shekara biyu ba, don haka shekara biyu marasa kyau a jere sun isa su share shi daga wani yanki. Abincinsa da makwancinsa da maɓoyarsa duk suna cikin abu guda, wato sarƙaƙiyar da ke rufe ƙasa. Inda aka share ta, ya tashi.

Labarin da ya fi saurin shiga kunne shi ne gobara ce ta kusa ƙarar da shi. Tarihin tsibirin ya nuna wani abu dabam. Gobarar ta iske dunat ne a takure a kusurwa ɗaya, kuma abin da ya takure shi ya faru tun shekaru sittin zuwa saba'in kafin ta. Shekara 140 bayan zuwan Turawa dajin tsakiyar tsibirin yana tsaye kusan yadda suka same shi, kuma abin da ya tsare shi duk wannan zamani talaucin ƙasarsa ne, ba teku ba, ba kuma doka ba. Ranar da ilimin noma ya samo maganin wannan talauci, ranar mai gadin ya kwanta dama.

Tsibirin babba ne, faɗinsa murabba'in kilomita 4,400, shi ne na uku a girma cikin tsibiran Ostireliya. Mashigin ruwa mai faɗin kilomita 13 da 'yan kai ya raba shi da babban yankin ƙasa, kuma wannan ruwa bai daɗe ba a ma'aunin tarihin ƙasa, domin kimanin shekara 10,000 ke nan da teku ta tashi ta yanke shi. Mutane sun zauna a cikinsa tun kafin yankewar, an tono kayan aikinsu na dutse a wurare da dama, amma sun ɓace daga tsibirin dubban shekaru kafin Turawa su iso. 'Yan asalin ƙasar da ke tsallaken ruwa suna kiransa Karta, suna ɗaukarsa masaukin matattu, ba sa ƙetarawa. Shi ya sa lokacin da Matthew Flinders, jami'in sojan ruwan Ingila, ya sauka a watan Maris na 1802, bai ga hayaƙi ko ɗaya ba, dabbobi kuma ba su san tsoron mutum ba. Mutanensa sun daɗe ba su ci sabon nama ba, a rana guda suka kashe kangaru 31, shi kuma ya sa wa tsibirin sunanta don godiya. Bafaranshe Nicolas Baudin ya biyo baya, ya zana taswirar gaɓar tsibirin a farkon 1803, ya kwashi dabbobi masu rai don a kai Faransa, ya kuma bar aladu da kaji don amfanin matuƙan da za su zo daga baya.

Waɗanda suka zo daga bayan mafarauta ne. A 1803 wani jirgin Amurkawa mai suna Union ya yi zango a tsibirin, ma'aikatansa suka sassaƙa ƙaramin jirgi da katakon wurin, har yau ana kiran mashigar American River. Abin da ya kawo su fatar sil ce, wata dabbar teku mai laushin gashi da ake sayarwa da tsada a kasuwannin Sin. Bayansu sai tarkacen mutane suka taru, matuƙan da suka gudu daga jiragensu da fursunonin da suka tsere daga Sydney da Tasmaniya. Suna tara fatun sil da na kangaru da na walabi, ƙaramin dangin kangaru, suna kankare gishiri a tafkunan da suka ƙafe, suna musanyawa da barasa da taba idan jirgi ya zo. Yawancin aikin matan 'yan asalin ƙasa ne suke yi, waɗanda aka sato daga Tasmaniya da gaɓar tsallake aka riƙe su riƙon bayi, abin da littattafan yawon buɗe ido ba su cika son tsayawa a kansa ba. Cikin shekara talatin sil ta yi ƙaranci. Wata ƙaramar jimina da babu irinta ko'ina sai tsibirin ta ƙare ƙurmus kafin 1836. Ɓarna ce babba, amma a lura da irinta: ta faɗa wa dabbobi masu fata da nama, waɗanda ake harbi ko a ɗana wa tarko. Dajin kansa ba a share shi ba, abin da nauyinsa bai kai na cokali ba kuwa ba wanda ya san da zamansa.

Ranar 27 ga Yuli, 1836, jirgin Duke of York ya sauke mutanen farko da kamfanin South Australian Company ya aiko, a wurin da garin Kingscote yake a yau. Nan ne mazaunin Turawa na farko a hukumance a duk Kudancin Ostireliya, kuma an so ya zama babban gari. Bai zama ba. Ruwan sha ya yi wuya, ƙasa ta ƙi shuka, cikin 'yan shekaru kaɗan yawancinsu suka tattara suka koma birnin Adelaide a tsallaken ruwa. Waɗanda suka rage suka maƙale a gabas da bakin gaɓa, inda ake samun 'yar ƙasa mai dama. Tsakiyar tsibirin tudu ne shimfiɗaɗɗe na marmara da tsakuwa, tsohuwar ƙasa da ruwan sama ya wanke sinadaranta tun tale-tale. Alkama ba ta yi a kanta, ciyawar kiwo ba ta kama. A ƙasar farar ƙasa ta bakin teku kuma wata cuta ce ke damun tumaki, ga ciyawa kore shar amma su yi ta ramewa har su mutu, ba wanda ya san dalili. Saboda haka mutanen tsibirin suka rayu da abin da daji ke bayarwa. Suna ɗana wa walabi da wata dabba mai suna fosum tarko don fata, suna dafa ganyen turare su tatsi mai, suna saran yaka su fitar da jan ƙaron da ke jikinta, wanda ake kaiwa Turai a yi fenti mai sheƙi da sinadarin nakiya, Jamus ce babbar mai saye kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Saran yaka ya taɓa dunat kai tsaye, tunda maɓoyarsa ce, kuma shuka ce mai jinkirin girma ƙwarai, mai tsayin mutum kan yi shekara ɗari ko fiye. Duk da haka mai gatari zaɓa yake yi, ya sari wannan ya bar waccan, ya wuce, daji ya rufe sawunsa.

A wannan zamani ne aka fara kallon tsibirin a matsayin ma'ajiya. Zomo da yanyawar Turai, waɗanda suka yi wa ƙananan dabbobin babban yankin ƙasa kisan kiyashi, ba su kafu a nan ba. Yanyawa ba ta ƙetaro ba, zomo kuwa an sake shi bai yi ƙarko ba, ana danganta hakan da wani irin damo na tsibirin mai shiga rami ya cinye 'ya'yansa. Masana a Adelaide, Samuel Dixon na kan gaba, suka yi kusan shekara talatin suna matsa wa gwamnati, har a 1919 aka keɓe ƙarshen yamma aka kira shi Flinders Chase. Sai aka shiga kawo dabbobin da ake tsoron za su ƙare a wasu wurare. Kowala 18 aka kawo a shekarun 1920, suka hayayyafa har suka kai dubbai, suka cinye itatuwan bakin rafi, a 1997 gwamnati ta koma kashe kuɗi tana yi musu aikin hana haihuwa. Wato dabbar da duniya ta yi wa kuka a 2020 baƙuwa ce a tsibirin, ɗan gida kuwa ko sunansa ba a sani ba lokacin da ake shata iyakar gandun. Abin tambaya shi ne me ya sa gwamnati ta yarda ta ba da yammacin. Amsar ba ta da wuya: ƙasa ce mai duwatsu da kwazazzabai, nesa da tashar jirgi, wadda manomi ba ya kwaɗayi. An keɓe abin da ba a rasa komai da keɓe shi ba, sai aka yi katari dunat yana ciki.

Canjin gaske daga ɗakin gwaje-gwaje ya fito. A tsakiyar shekarun 1930 masu bincike a Adelaide, cikinsu da Hedley Marston, suka gano cewa ciwon ramar tumaki rashin sinadarin kobal ne a cikin ciyawa, wani lokaci haɗe da rashin tagulla, kuma ɗan ƙanƙanin abu ya isa ya warkar da shi. A daidai wannan lokaci gwaji ya nuna cewa tudun marmara zai iya fid da ciyawar kiwo mai kyau idan aka zuba masa takin supa da ɗan burbushin tagulla, aka shuka kuloba, wata ciyawa dangin wake mai ƙara wa ƙasa ƙarfi. Ƙasar da aka yi ƙarni ana wucewa ta gefenta ta zama dukiya. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, ga dubban sojoji sun dawo gida, gwamnati ta yi alkawarin ba su gonaki. Daga 1947 zuwa farkon shekarun 1960 aka zaunar da tsofaffin sojoji 174 da iyalansu a tsakiyar tsibirin, aka kafa garin Parndana, aka sassabe kimanin hekta 100,000. Wannan sassabe ba na gatari da adda ba ne. Katafila biyu ne ke tafiya a jere, an ɗaura musu doguwar sarƙa ko gungume a tsakani, duk abin da ke tsaye ya kwanta. A bar shi ya bushe, a cinna masa wuta, a bi da garma mai nauyi ta tumɓuke saiwa, a watsa taki da iri. Manoma masu zaman kansu suka ga abin ya yi, su ma suka bi. Jama'ar tsibirin ta ninka fiye da biyu cikin shekara ashirin, tumaki suka kai dubu ɗaruruwa. Sai a 1983 gwamnatin jihar ta fara taka wa share daji burki, ta ƙarfafa dokar a 1985 da 1991. Kafin nan fiye da rabin dajin asali ya tafi, abin da ya rage a gabas da tsakiya kuma guntaye ne a gefen hanya da bakin rafi.

A ƙarshen wannan zamani ne ilimi ya fara sanin dunat, kuma yadda aka san shi ɗin ma hujja ce. A 1969 kare ne ya cafke waɗanda aka fara samu, suna gudu daga gindin yakar da aka sare. An ɗauka irin dunat ɗin babban yankin ƙasa ne, sai a 1984 aka bayyana shi a matsayin iri na daban, aka sa masa sunan kimiyya Sminthopsis aitkeni. 'Yan ƙalilan da suka shigo hannu a shekarun farko daga yankin gonaki suka fito, tsakiya da gabashin tsibirin, a daidai lokacin da ake share daji. Daga 1990 zuwa lokacin gobarar kuwa, duk wanda aka kama ko aka ɗauki hotonsa a yamma ne, cikin Flinders Chase da dazuzzukan da ke maƙwabtaka da shi, duk da an ɗana tarkuna a guntayen dajin gabas. Dabba ce da a da ta bazu a faɗin tsibiri mai tsawon kilomita 150, ta koma ƙarshe ɗaya cikin rayuwar mutum guda. Babu gobarar da ta yi wannan.

Mai ja zai ce ba wanda ya ƙirga dunat kafin 1969, don haka ba a da ma'aunin da za a ce ya ragu, wataƙila dama can ɗan kaɗan ne. Gaskiya ne babu ƙidaya, kuma dabba ce mai wuyar kamu, ana iya kwana dubu ana ɗana tarko ba a sami ɗaya ba, sai da aka koma amfani da kyamara mai ɗaukar hoto da kanta, a kafa ta jikin ɗan gajeren shinge, sannan aka fara ganinsa sosai. Amma hujjar ba ta dogara da adadi ba, ta dogara da wuri. An same shi a inda yanzu babu shi, kuma abin da ya bambanta wurin jiya da yau sananne ne, filin kuloba ne ya maye gurbin sarƙaƙiya. Ko da a ce a kowace hekta ɗari dunat ɗaya ne tun asali, share rabin daji ya raba su biyu. Wuyar kamun ma ta fi taimakon wannan ɓangare: idan dabbar da masana ke shan wahala kafin su gani ta faɗa bakin kare a yankin gonaki, to ba baƙuwa ba ce a can.

Jayayya ta biyu ta fi ƙarfi. Dajin Ostireliya da wuta ya saba, wasu itatuwansa ma ba sa sakin iri sai sun ji zafi, yaka kan yi fure ne bayan gobara. Dunat ya rayu da wutar aradu shekaru dubbai. Ƙari a kan haka, bayan 2020 da aka baza kyamarori, an gan shi a wurare da yawa fiye da waɗanda aka sani a da, har cikin ƙonannen dajin da ya fara tohowa. Ashe ke nan an zuzuta hatsarin? Wannan labari ne mai daɗi, kuma ya nuna dabbar ta fi ƙarfin hali yadda aka zata, ko da yake wani ɓangare na ƙaruwar daga yawan neman ne, tunda kuɗin da aka zuba bayan gobara ba a taɓa zuba irinsa ba. Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Yadda ƙaramar dabba ke tsira daga wuta shi ne wani yanki ya ƙone wani ya tsira, waɗanda suka tsira su hayayyafa su sake cika wurin da ya ƙone. Lokacin da daji ya game tsibirin daga gabas zuwa yamma, babu wutar da za ta cinye shi duka a mako ɗaya. Yanzu kuwa abin da ya rage dunƙule yake a wuri guda, iska ɗaya ta isa ta ratsa shi, kuma ta ratsa, kashi 96 cikin ɗari na Flinders Chase ya ƙone. Abin da ya cece su 'yan tsirarun wurare ne da wuta ta tsallake, wasunsu a filayen mutane masu zaman kansu. Sa'a ce, kuma ba a gina lissafi a kan sa'a. A Disamba na 2007 aradu ta riga ta ƙona kimanin hekta 95,000 a tsibirin, yawanci a wannan yammacin. Shekara 12 ce tsakanin manyan gobara biyu, 2019 kuma ita ce shekarar da ta fi kowace zafi da fari tun da aka fara ajiye lissafi a Ostireliya. Mai cewa sauyin yanayi ne tushen matsalar bai yi kuskure ba, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sauyin yanayi yana ƙara yawan wuta, sassaben shekarun 1950 kuma shi ya sa kowace wuta ta zama mai iya ƙarar da iri.

Sannan ga kyanwa. Ta shigo tare da Turawa a ƙarni na 19, ta fantsama daji ta zama ta kanta. Da yake babu yanyawa ko karen daji da za su rage ta, ga kuma gonaki cike da ɓeraye da mushen tumaki da na dabbobin da mota ta buge, sai ta yi yawa a tsibirin fiye da maƙwabtan wurare na tsallaken ruwa. A nan ma noma ne ya shimfiɗa mata tabarma. A cikin sarƙaƙiya mai kauri farauta na yi mata wuya, amma bayan gobara ƙasa ta zama fili fetal, duk abin da ya motsa ana hangensa, kuma an san kyanwowin daji kan yi tafiya mai nisa su nufi wurin da ya ƙone. Masu bincike daga Jami'ar Adelaide sun buɗe cikin kyanwowi 86 da aka kama a yammacin tsibirin tsakanin Fabrairu da Agusta na 2020, suka sami ragowar dunat takwas a cikin bakwai daga cikinsu. Abin da ciki ke nunawa abincin kwana ɗaya ne ko biyu. A lissafa wannan da yawan kyanwowi da yawan darare, a tuna kuma waɗanda ake ci ba su kai 500 ba tun kafin wuta. Akwai kuma maƙiyi na uku wanda ba a gani, wata ƙwayar cuta mai ruɓar da saiwa da ke tafiya cikin laka a tayar mota da takalmi, wadda ta fi kashe yaka da banksiya, shuke-shuken da dunat ke kwana a ƙarƙashinsu.

Wasu za su ji wannan bayani kamar ɗora laifi ne a kan tsofaffin sojoji, mutanen da suka dawo daga fagen fama suka zauna da iyalansu a bukkokin kwano suna jiran a ba su fili. Ba su suka tsara shirin ba, kuma da yawansu ba su ji daɗinsa ba. Wani nau'in kuloba da aka shuka musu ya riƙa hana tumaki ɗaukar ciki, farashin ulu ya faɗi a farkon shekarun 1970, bashi ya danne wasu har aka karɓe gonakinsu. Ba su san da dunat ba, waɗanda suka aiko su ma ba su sani ba. Haka nan gaskiya ne tsibirin ya fi yawancin yankunan noman Kudancin Ostireliya riƙe dajinsa, fiye da kashi ɗaya cikin uku yana ƙarƙashin kariyar doka. Amma neman sanadi dabam yake da neman mai laifi. Kuma yawan abin da ya rage ba ya amsa tambayar yadda aka raba shi. Da wannan kashi ɗaya cikin uku a warwatse yake cikin manyan yankuna uku ko huɗu masu nisa da juna, da lissafin gobara ya sha bamban. Ba a raba shi da tunanin wuta ko na dabba ba, an bar wa daji inda katafila ta kasa shiga ko inda takin supa ba zai biya kuɗinsa ba.

Abin da aka yi bayan gobarar ya nuna masu aikin sun fahimci haka. Cikin makonni kaɗan ƙungiyar Kangaroo Island Land for Wildlife da Australian Wildlife Conservancy suka zagaye wani ɗan dajin da bai ƙone ba a yankin Western River da shingen da kyanwa ba ta iya haurawa, kimanin hekta 14, daga baya suka faɗaɗa shi zuwa kusan hekta 370. An jera ramukan waya masu rufi a ƙonannen fili don ƙananan dabbobi su sami wurin tsallakawa. Aladun daji, da wuta ta rage kuma ta tona asirin maɓoyarsu, an bi su da jirgi mai saukar ungulu da kyamarar gane zafin jiki har aka kusa ƙarar da su, kamar yadda aka gama da awakin daji da barewar Turai a 2018. Shinge dai yana hana kyanwa ne, ba ya hana wuta, kuma hekta 370 cikin 440,000 ɗan lokaci kawai take saya. Aikin da ya fi nauyi yana can ƙarshen gabas, a zirin Dudley mai hekta 38,000, inda siririn wuyan ƙasa ya ba da damar gitta shinge a ware shi, ake ƙoƙarin kawar da kyanwar daji gaba ɗaya kafin a fuskanci sauran tsibirin. Manoma sun mara wa aikin baya, kuma dalilinsu na aljihu ne: kyanwa na yaɗa cututtuka biyu ga tumaki, ɗaya tana sa su ɓari, ɗayar tana fid da ƙuraje a nama har a yanke a zubar a mahauta. Idan aka yi nasara a Dudley, za a sami yanki mai faɗi marar kyanwa, mai sauran guntayen daji, wanda gonaki na kilomita masu yawa suka raba shi da wutar yamma. Dunat ba zai iya ratsa waɗannan gonaki da ƙafarsa ya koma can ba, sai dai a ɗauke shi a kai shi, kuma kafin a yi hakan dole a haɗe guntayen dajin da shuka, a kan filin da yanzu yake ciyar da tumaki kuma yake da masu shi.